Ɗaki na Shida a Bobiel

An yi wani mutum a nan Yamai, tela ne a kasuwar Wadata. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana raye, kuma abin da ke kansa ya ishe shi. Yayarsa Auta take ce masa, don shi ne na ƙarshe a ɗakinsu. Mu ma haka za mu kira shi.

Ya 'yan uwa, kada ku zaci mugu ne tun farko. Mutum ne mai salla a kan lokaci. In ka kai masa shadda ta yi saura, ko tafin hannu ne, sai ya naɗe ya sa maka cikin leda. Shekara goma sha bakwai yana rumfa ɗaya, ba a taɓa jin ya cinye kayan kowa ba.

Yana ɗan shekara huɗu uwarsu ta rasu, can garinsu wajen Dogon Dutsi. Yayarsa Balkissa ce ta goye shi. Da aka yi mata aure aka kawo ta Gamkalley, gidan wani mai lambu a bakin kogi, ta taho da shi. Ita ta kai shi koyon ɗinki. Ita ta sayar da 'yan kunnenta da tumakinta biyu ta saya masa kekensa na farko.

Mijin Balkissa ya rasu ya bar mata gida mai ɗaki uku da ɗiya guda, Zulaiha. Balkissa ba ta yi lakwal ba, wato boko, ko sunanta ba ta iya karantawa. Kopto take yi, kwaɗon zogale, tana sayarwa a ƙofar gida. Shekarar da kogi ya cika ya jiƙa musu kaya, ta ciro takardar gidan daga gwangwani ta shanya ta a rana. Da ta bushe ta miƙa wa ƙanenta, ta ce ya riƙe mata, shi ɗakinsa a tudu yake. Ya karɓa ya sa a ƙasan akwati. Shekara shida tana nan.

Shi Auta haya yake zaune, ɗaki da falo, da matarsa da 'ya'ya huɗu. Ran biyar ga kowane wata mai gidan zai zo a kan moto, wato babur, ya bi ƙofa-ƙofa, ya cika aljihu ya tafi. Auta ya riƙa kallonsa yana cewa a ransa, wannan barci yake yi kuɗi na zuwa. Ga shi idonsa ya fara rauni, sai ya fita hasken rana yake iya zura zare a allura. Ya ce in idon ya tafi, me yaran nan za su ci?

Wannan tunani ba laifi ba ne. Gina gida a ba da haya halal ne, mutanen kirki da yawa da shi suke ci. Ku dai bi ni ku ga ta inda ya shiga.

Akwai wani dillalin filaye, Bawa, da ke zama rumfarsa yana shan shayi. Kullum tsokanarsa yake yi, wai telan Wadata zai mutu yana taka keke, a binne shi da almakashi a wuya. Wata rana a watan uku, zafi ya fara, ya ɗauke shi a moto har ƙarshen Bobiel, ya nuna masa parsal, fili shimfiɗaɗɗe, farin yashi tas. Ya faɗi kuɗin. Rabin abin da ake sayar da na maƙwabta ne, kuma daidai da abin da Auta ya tara cikin shekara goma sha bakwai.

Duk wanda ya daɗe a Yamai ya san abu biyu. Fili da damina ake zuwa ganinsa. Gidan haya kuma, kafin ka dubi rufi sai ka dubi gindin bango, domin ruwa yana barin zanensa a nan. Auta ya san wannan, a Gamkalley ya tashi.

Ya kai wani tsohon maso, wato magini, mai suna Tanimu ya gani. Tanimu ya durƙusa ya ɗebi yashin ya murza. Ya taka zuwa katangar maƙwabci ya ɗora yatsa a kan wani zane ruwan ƙasa daidai gwiwa. Ya ce wannan hanyar ruwa ce, duk ruwan tudun can ta nan yake gangarawa. Ya ce ya haƙura zuwa watan takwas ya zo ya gani da idonsa. Bawa ya yi dariya, ya ce tsoho na tsoron ruwa kamar kaza, kamiyo goma, manyan motoci, na jar ƙasa in an zuba sun gama zancen. Ya ƙara da cewa akwai wani da zai zo da kuɗi gobe.

Auta ya saya a ranar.

To ga fili, babu kuɗin gini. Ya je banki aka tambaye shi takardar albashi. Ina tela zai samo ta? Bawa ya ce ya kwantar da hankali, akwai wanda ba ya tambayar albashi. Ya kai shi wurin wani mai babban shago na siminti da ƙarfe. Mutumin ya tarbe su da fara'a, ya sa aka kawo musu lemo mai sanyi. Bai ce kuɗin ruwa ba ko sau ɗaya. Taimakon juna ya kira shi. Zai ba da miliyan huɗu. Kowane wata Auta ya kawo jika ɗari da ashirin, wato dubu ɗari da ashirin, na gaisuwa, uwar kuɗin kuma tana nan tsaye har ranar da ya samu. In aka tsallake wata uku, abin da aka ajiye jingina ya zama nasa.

Auta ya miƙa takardar filinsa. Mutumin ya duba lambar wurin, ya yi murmushi, ya mayar masa. Ya ce a kawo takardar gida na cikin gari.

Ya 'yan uwa, wannan murmushin bai isa gargaɗi ba? Mai ba da bashin kansa ya ƙi filin.

Kwana uku Auta yana buɗe akwati yana rufewa. Ya ce wa kansa, takarda ce kawai, daga wannan akwati ta koma wancan, Yaya ba za ta ma sani ba. Ɗaki shida, kowane jika ashirin da biyar, ya biya gaisuwa har a samu saura, ɗinki ya riƙa rage uwar kuɗin. In ya gama sai ya gyara mata nata gidan da siminti. Da wannan alkawarin da ba wanda ya ji shi ya lallashi zuciyarsa.

Amma sai da sa hannun mai gidan, Balkissa. Ya ɗauki takardar yarjejeniya ya tafi Gamkalley. Ya tarar da Balkissa tana wanke zogale. Ya ce ma'aikatan gari ne ke sabunta takardun gidaje, ana son ta dangwala. Ba ta tambayi komai ba. Ta goge babban yatsanta a zanenta don kada ta jiƙa masa takarda, ta dangwala inda ya nuna. Ta zuba masa kopto a kwano, ta ce ya ci kafin ya tafi, ya rame.

Ya ci, 'yan uwa. Ya zauna ya cinye.

Aka fara gini. Tanimu ya yi lissafinsa ya ce kuɗin nan na ɗaki huɗu ne masu ƙwari. Auta ya ce shida za a yi, in ba shida ba lissafinsa ya rushe. Buhun siminti ɗaya tubali talatin da 'yan kai ake bugawa da shi. Auta ya ce a buga hamsin da biyar. Tushen da ya kamata a haƙa zuwa ƙugu aka tsaya a gwiwa. Ƙarfen da ake ɗaure gini da shi aka rage rabi. Ɗaki na shida shi ne na ƙarshe a layi, bayansa yana daidai bakin inda ruwan yake saukowa. Tanimu ya kai ginin zuwa taga, ya tattara kayan aikinsa, ya ce shi yana da kabari a gabansa. Aka samo wani maso wanda ba ya tambaya, ya ƙarasa.

A watan shida 'yan haya suka shiga, kowa da abansi, kuɗin hayar wata uku a gaba. Ranar Auta ya ƙirga kuɗin a rumfa ya sake ƙirgawa. 'Yan kasuwa suka laƙaba masa Mai Bobiel. Masu amalanke ma in sun wuce sai su ce a ajiye musu ɗaki mai fanka. Ya sayi sabuwar hula. Ya kai wa Balkissa buhun shinkafa, ta ɗaga hannu tana sa masa albarka, tana cewa da innarsu ta ga wannan rana. Shi kuwa ƙasa yake kallo.

Watan takwas ya zo kamar yadda Tanimu ya faɗa. Ruwa ɗaya aka yi mai ƙarfi, ya kwashe jar ƙasar kamiyo goma, ya shiga ɗakuna har gwiwa. Katifu suka jiƙe, buhunan abinci suka lalace. 'Yan haya suka yi masa ca a rumfa, kowa na neman kuɗinsa, suka watse. Da ruwan ya janye aka ga bangon baya na ɗaki na shida ya tsage tun daga rufi har ƙasa, tsagar da hannu ke shiga.

Ya je ya roƙi Tanimu ya zo ya duba. Tsohon ya zura hannu cikin tsagar, ya fito da yashi. Ya ce ruwa ya cinye ƙarƙashin tushen, bangon a kan iska yake tsaye. Ya ce a rushe a sake, kuma kafin nan ko akuya kada a ɗaure a ciki.

A nan Allah ya buɗe masa ƙofa. Da ya je ya faɗi a gaban yayarsa ya ce ga abin da na yi, da an sayar da filin ko a nawa ne, an haɗa da keke da abin da dangi za su tara, an ceto takardar. Da ya ji kunya ta wata ɗaya ko ta shekara. Amma ya saba da jin Mai Bobiel.

Ya koma shagon siminti. Wannan karon mutumin ya karɓi takardar Bobiel, tunda yanzu akwai gini a kai, ya ƙara masa wani bashin da tasa gaisuwar daban. Auta ya sallami tsofaffin 'yan haya. Ya sa aka cusa siminti a tsagar aka shafe. Sannan ya sayo fenti mai mai, ruwan ƙasa mai duhu, ya sa aka zagaye ginin da shi ciki da waje, daga ƙasa zuwa ƙugu. Zanen ruwa ya ɓace. Wanda ya gani sai ya ce ado ne.

Ya jira rani. Ya ce wa Bawa kada ya kawo masa ɗan Yamai, baƙi yake so, waɗanda ba su taɓa yin damina a garin ba. Bawa ya kawo direbobi daga Tawa, da wani malamin makaranta da aka turo daga Damagaram, da wasu ma'aurata sababbi. Ɗaki biyar suka cika. Na shida ya sa masa kwaɗo ya ce na ajiya ne. Wannan kwaɗon shi ne abin da ya rage masa na tsoron Allah.

Yanzu gaisuwa biyu ce a kansa duk wata, hayar ɗaki biyar ba ta kai ba. Dole ɗaya ta jira. Wacce kuke zaton ya bari ta jira? Ya riƙa biyan wadda ke kan takardarsa, ya bar wadda ke kan ta yayarsa. Yana cewa wata mai zuwa zai haɗa. Wata uku suka cika.

Wata safiya Balkissa tana tsakar gida sai ga mutum uku da igiyar awo. Ta ce lafiya? Suka ce gidan an sayar. Ta ce gidan wa? Suka buɗe takarda suka nuna mata yatsanta.

Ba ta yi kururuwa ba. Ta sa hijabinta, ta tari taksi zuwa Wadata, ta tsaya a bakin rumfa. Auta ya ɗago ya gan ta, ƙafarsa ta tsaya a kan keke. Ya zube a gabanta a idon mutane, yana kuka kamar yaro, yana rantsuwa zai fanso gidan ko zai sayar da kansa. Ta daɗe tana kallon tsakar kansa, inda furfura ta fara fitowa.

"Tashi, Auta, mutane na kallo," ta ce. "Kwana bakwai suka ba mu. Ina zan kai yarinyar nan?"

Ɗakinsa babu wuri. Kuɗin kama musu haya babu. Sai mabuɗi ɗaya da ke aljihunsa.

Ranar da suka tare, a watan biyar, Balkissa ta yi abin da kowace 'yar bakin kogi take yi. Kafin ta shiga ta sunkuya ta dubi gindin bango. Ta ga fenti. Ta ce masa ruwa yana shigowa nan? Ya ce bara ya ɗan taɓa tsakar gida, an gyara. Ta yarda. Daga baya ta ce a ranta ta ɗauka wanda ya yi irin kukan nan a tsakiyar kasuwa ba zai sake yi mata ƙarya ba.

Zulaiha lokacin shekararta goma sha tara, tana shirin jarrabawar bak, ta gama sakandare. Yarinya ce mai dariya, mai bakin tsokana. A hannun kawunta ta koyi tafiya, shi ya ɗinka mata kowace rigar Salla tun tana zanen goyo. Uwarta ta ɓoye mata yadda gidan ya tafi, ta ce mata bashin babanta ne. Sai yarinyar ta ɗauka kawu ne ya cece su. Ta share ɗakin, ta shimfiɗa leda, ta jingina teburin karatunta da bangon baya, don nan ne hasken ƙofa ke sauka.

Da aka yi ruwan farko, shafen da aka yi wa tsagar ya fara buɗewa kamar zare. Auta ya zo karɓar haya, ta ja shi ta nuna masa.

"Kawu Mai Bobiel, ɗinkin nan naka ya fara warwarewa. Ko allurar ce ba ta da kyau?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce shafe ne kawai, bayan Salla zai turo maso. Ta ce to ta ba shi bashi zuwa Salla, in ya wuce sai ta rage masa kuɗin haya, tunda dai ba ta biyan ko dala. Ta rataya kalanda a wurin.

Tanimu ya bi ta layin wata rana, ya ga shanya a ƙofar ɗaki na shida. Ya wuce kai tsaye Wadata. Ya ce wa Auta ya ji tsoron Allah, wa ya sa a ɗakin nan? Da ya ji ko su wa ne, ya riƙe baki. Auta ya kama hannunsa ya ce don Allah kada ya faɗa musu, ɗinkin Layya na shigowa, da kuɗin za a sake bangon. Tanimu ya ce magana ce ta 'yan ɗaki ɗaya, shi dai ya faɗa wa mai gida, ya sauke nauyi. Har yau tsohon nan yana cewa da ya tsaya ya ƙwanƙwasa ƙofar.

Layya ta zo, ɗinki ya yi albarka. Kuɗin da ya samu sun isa a sake bango. A makon ne shagon siminti ya aiko a tuna masa da wata. Ya kai musu.

A watan bakwai sakamako ya fito, Zulaiha ta ci. Ta zo rumfa da gudu ta ce kawu ya shirya farin yadi, makarantar ungozoma za ta shiga, kuma ba ta son aljihu a karkace. Ya auna ta. Ya rubuta awon da alli a jikin katakon rumfa.

Ƙarshen watan nan ɗaya daga direbobin ya tashi. Ɗaki na biyu ya zama babu kowa, can gaba, wajen da ƙasar ta fi tudu. Auta ya karɓi mabuɗin ya tsaya a tsakar gidan. Taku goma sha biyar ne tsakanin ƙofar nan da ta ɗaki na shida. Kayan Balkissa da ɗiyarta duka ba su fi a kwashe cikin rabin sa'a ba. Yana jin muryar Zulaiha a ciki tana rera waƙa, yana ganin hadari na haɗuwa a gabas. Ya ɗaga ƙafa zai nufi ƙofarsu.

Sai ga Bawa a moto da wani baƙo, da abansin wata uku a hannu, jika saba'in da biyar.

Ya 'yan uwa, ba wanda ya sa masa wuƙa a wuya. Ya dubi kuɗin, ya dubi ƙofa ta shida. Ya ce a ransa bangon ya ɗauki ruwa huɗu bana bai faɗi ba, zai kai ƙarshen damina. Ya miƙa wa baƙon mabuɗi.

Daga ranar bai sake cin abinci ya ji daɗinsa ba. In hadari ya taso sai ya fito bakin rumfa ya tsaya yana kallon arewa, wajen Bobiel. Ya kan ɗauko waya ya nemo lambar yayarsa, ya dube ta, ya mayar aljihu.

Ran wata Laraba a watan takwas aka tashi da ruwa tun asuba. Da hantsi ya ɗan tsagaita, Balkissa ta ɗauki kwandonta ta fita sayen zogale. Zulaiha ta ce ita za ta zauna, ruwa ya fara leƙowa ta ƙarƙashin ƙofa, za ta ɗora katifa da littattafai a kan tebur. Uwar ba ta kai bakin titi ba ruwan ya dawo da ƙarfi, ta fake a wani shago. Can tudu kuwa ruwan ya taru ya gangaro ta hanyarsa ta kullum, ya zo ya jingina da bayan ɗaki na shida.

Maƙwabta sun ce ba su ji wata babbar ƙara ba. Kamar an sauke buhu daga mota, haka suka ji.

Wajen ƙarfe goma waya ta yi ƙara a rumfa. Auta ya ga lambar malamin nan na Damagaram. Tun kafin ya ɗauka ya sani. Mai moto ya kai shi inda ruwa ya tare hanya, ya ƙarasa da ƙafa, ruwa har cinya, takalmi ɗaya ya tafi. Ya tarar mazan layin sun tono ta da hannu. Ba su sha wuya ba, tubalin marmashewa yake yi. An shimfiɗe ta a ɗaki na biyu, inda ruwa bai kai ba, an rufa mata zanen matar baƙon. Wani daga cikin masu tonon ya ɗauki guntun tubali ya matse a tafinsa, yashi ya zubo ta tsakanin yatsunsa. Ya kakkaɓe hannunsa. Ya juyo ya kalli Auta.

Ni na wanke ta, ni ke wankan gawar mata a unguwar. Kitson da aka yi mata na murnar jarrabawa yana nan a kanta, sai da na warware shi ɗaya bayan ɗaya kafin yashin ya fita. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Abin da ya biyo baya bai ɗauki lokaci ba. Hukuma ta kira shi ta yi tambayoyi, Balkissa ta ce ita ba ta kai ƙara, ba a kotu ɗiyarta take ba. 'Yan haya suka tashi a mako ɗaya. Shagon siminti ya karɓe filin da abin da ya rage a kai. Aka sayar da keken, shi dai wannan da aka saya da 'yan kunne. Matarsa ta kwashi yara ta koma gidansu a Dosso, ta ce ba za ta iya kwana ɗaki ɗaya da shi ba. Bawa ya sauya rumfar shan shayi.

Kwanakin zaman makoki a gidan wata ƙawar Balkissa aka yi su, a Gamkalley. Mutane na shiga suna kala suru, wato sai haƙuri. Auta yana zuwa kullum ya zauna daga waje nesa da tabarmar maza, bai shiga ba. Sai ranar arba'in, bayan an watse, ya shiga ya durƙusa daga bakin ƙofa. Ya sunkuyar da kai. Ita ta fara magana.

"Gidan na yafe maka tun a kasuwa. Abu ɗaya zan tambaye ka, kuma kada ka yi mini kuka. Ranar da ka buɗe mana ɗakin nan, ka san bangon?"

Ya ce, "Na sani, Yaya."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta daɗe tana murza bakin zanenta.

"Da ka faɗa mini, Auta. Ba sai ka ba mu wani ɗaki ba. Da a tsakar gida za mu shimfiɗa tabarma. Mun saba da ruwa."

Ba ta zage shi ba, ba ta yi masa baki ba. Ta juya fuskarta ga bango. Ya tashi ya fita.

Yana nan a Wadata. In kun bi ta bayan masu yadi za ku ga wani mutum zaune a ƙasa da allurar hannu, yana ɗinke buhuna da yagaggun riguna na 'yan dako, yana kai zaren kusa da ido. Rumfarsa wani ke cikinta yanzu. Awon da aka rubuta da alli yana nan a jikin katako, ya roƙi sabon telan kada ya goge. In hadari ya haɗu, sai ya ajiye allurar, ya ɗaga kai yana kallon sama.

Ya 'yan uwa, ni ba malama ba ce, abin da na gani na faɗa. Malamai sun daɗe suna gaya mana bashin da ke haihuwa duk wata haramun ne, ko da wane suna aka kira shi, ko an haɗa da lemo mai sanyi. Mun ji, muna cewa su ba su san halin gari ba. Ga halin gari nan. Bashin nan ne ya hana shi gina ɗaki huɗu masu ƙwari, shi ya karɓe kuɗin bango, shi ya miƙa mabuɗin ɗaki na biyu ga baƙo.

Wanda aka ba wa takarda ajiya, ya sani wadda ta ba shi ba ta iya karatu ba, amma Allah yana karantawa. Kai mai gidan haya, ɗan hayarka ransa ya kawo ya ajiye ƙarƙashin rufinka, da na matarsa da na 'ya'yansa. In ka san aibin gidanka ka faɗa masa, ya shiga da saninsa ko ya tafi. Kai maso, kai maƙwabci, in ka ga bango zai faɗi, wanda ke kwana a gindinsa za ka gaya wa.

Kuma wanda a yau yake da wata tsaga da ya shafe, a gini ne ko a tsakaninsa da ɗan uwansa, me yake jira? Auta ma bai yi niyyar kashe kowa ba. Kullum cewa yake bayan Salla, wata mai zuwa, ƙarshen damina. Kunyar faɗa ya guda. Yau da za a ce ya tsaya tsakiyar Wadata ya faɗi duk abin da ya yi a dawo masa da yarinyar nan, da ya yi kafin a rufe baki.

Kada ku tsine masa. Ku roƙa masa gafara, ƙofar tuba ba ta rufe ba tunda yana numfashi.

Allah ya jiƙan Zulaiha, ya yalwata mata kabarinta, ya ba ta ɗakin da ba ya rushewa. Allah ya sanyaya zuciyar uwarta. Allah ya wadata mu da halal ko kaɗan ne, ya ba mu ƙarfin faɗin gaskiya tun tana da amfani. Allah ya kiyaye mu da cin amanar wanda ya goye mu, ya kiyaye 'ya'yanmu daga abin da hannuwanmu suka gina. Amin.